Kifin gura ya jefa ni cikin tsaka mai wuya, saura sati uku in kare digirina

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida mai albarka. Admin don Allah a ɓoye sunana, don na san akwai waɗanda muke makaranta ɗaya da su a nan, in sun gane ni da kansu shi ke nan, amma dai kar a ce daga bakina aka ji. Shawararku na zo nema don girman Allah, kuma tun kafin in fara ina roƙo kar a yi min dariya in an ji maganar kifi ce. Na san a nan an fi kawo matsalar aure da ta dangin miji, to ni tawa ta kifi ce, 'yan karfasa da ba su wuce tafin hannu ba, amma wallahi yau kwana goma sha biyu ke nan ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa saboda su.

Ni matar aure ce da yara uku, muna zaune a Azuba nan Lafia, ina koyar da bayoloji a wata sakandare ta wajen Bukan Sidi. Shekara huɗu da suka wuce na shiga karatun digiri na biyu a fannin kifi, abin da aka ce mana na shekara biyu ne. Yajin aiki ya ci nasa rabon, sufabaizana na farko, wato malamin da ke duba aikina, ya bar makarantar aka ba ni wani muka sake sabon lale, haihuwar autana ita ma ta ci nata, har sai da na nemi ƙarin lokaci sau biyu. Na biyun da aka ba ni an rubuta ƙarara a takardar cewa shi ne na ƙarshe, in zangon nan ya ƙare ban kare aikina ba sunana ya fita daga rajista. Yanzu an sa min ranar difens, wato ranar kare aikin a gaban malamai, saura sati uku, kuma ranar Litinin mai zuwa ake so in miƙa kundin da sa hannuna a shafin da ɗalibi ke shaida cewa abin da ke ciki gaskiya ne. Duk wanda ya san ni murna yake taya ni, ni kuwa in aka ce min barka sai in yi yaƙe in wuce.

Bari in yi bayanin aikin a taƙaice, don in ba a gane shi ba ba za a gane damuwata ba. Akwai wani rafi can bayan Adogi mai gurbi biyu masu zurfi da ba sa ƙafewa ko da rani. Gurbin sama yana cikin kurmi, babu gona kusa da shi. Gurbin ƙasa kuma gonakin shinkafa da na doya ne suka kewaye shi, duk maganin kashe ciyawar da aka fesa da damina in an yi ruwa can yake gangarawa. Tambayar da aikina ke son amsawa ita ce ko wannan maganin yana canja halin kifi. Eh, kifi ma yana da hali, akwai mai rawar kai akwai matsoraci, ni ma sai da na shiga harkar na yarda. Yadda ake gwadawa, a saka kifi ɗaya a tanki cikin guntun bututun roba mai murfi, a bar shi ya natsu, a ajiye abinci can ɗaya ƙarshen tankin, sai a ja zare murfin ya ɗage, a danna agogo a ga minti nawa zai yi kafin ya fito. Ni kuma ina bayan labule ina leƙe ta wata 'yar huda don kar ya gan ni ya tsorata.

Wata biyar na yi ina wannan aikin a daminar bara, kifi ɗaya bayan ɗaya. In tashi daga makaranta ƙarfe biyu, in wuce lab, in zauna kan wata kujerar ƙarfe mara majingina, ga ni da ciki, ina jiran kifi ya ga dama ya leƙo. Wani sai ya yi minti arba'in bai ko motsa ba, ni ma kuma ba halin in motsa, ko tari ne sai dai in haɗiye. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Hajiyarmu har suna ta sa min, wai mai gadin kifi, in na kira ta a waya sai ta ce yau nawa suka gudu. Ina dariya ina jurewa, don a raina na san akwai ranar ƙarewa.

Kifin kuwa ba ni nake kamawa ba. Wani dattijo ne masunci a ƙauyen, zan kira shi Baba Audu duk da ba sunansa ke nan ba, mutum ne da ban taɓa ganin mai cika alkawari irinsa ba. Ranar farko da muka je da maigidana, a gabana ya shiga gurbin sama ya jefa birgi, wato ragar nan da ake wurgawa ta buɗe a sama ta faɗo ta rufe duk abin da ke ƙarƙashinta, ya fito min da kifi daidai yadda nake so. Nan take na rubuta a littafina cewa da birgi ake kamu. Da muka gangara gurbin ƙasa la'asar ta yi, hadari ya haɗo, ruwan gwaji kawai na ɗiba a kwalabe, Baba ya ce kifin nan sai gobe zai kawo. Ban tambaye shi me ya sa sai gobe ba. Abin da na ce masa kawai, ina son karfasa masu rai girman tafin hannu, na sama a zuba a shuɗiyar jarka, na ƙasa a rawaya, kar a haɗa su. Sati biyu bayan nan likita ta hana ni bin hanya mai gargada saboda cikin ya so ya ba ni matsala, daga nan ban sake taka ƙauyen ba. Maigidana ne duk Asabar yake zuwa bakin titin Adogi da mota, Baba ya fito masa da jarkokin a keke. Ko sau ɗaya bai saɓa ba, ko kifi ɗaya bai taɓa haɗa min ba.

Sakamako ya fito kamar an zana shi da hannu. Kifin gurbin ƙasa, inda magani ke gangarawa, fitowa suke kamar an kira sunansu, wasu tun murfin bai gama ɗagawa ba sun kai ga abinci. Na gurbin sama kuwa gauraye suke, kaɗan masu sauri, yawanci sai sun ja min rai. Dakta, wato sufabaizana, da ya duba jadawalin ya ce ya daɗe bai ga ɗalibin da aikinsa ya fito fes haka ba. Muka kammala cewa maganin ciyawa yana cire wa kifi tsoro, wanda hakan ke nufin tsuntsu da manyan kifaye za su fi saurin cinye su. Har ya kai aikin wani taron masana da sunana a gaba nasa a baya, ya dawo yana cewa an yaba sosai. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura, har na fara tunanin digiri na uku. A babi na uku kuma, inda ake bayanin yadda aka yi aiki, na rubuta da hannuna cewa duk kifin gurbi biyun da birgi aka kama su.

To Asabar ta wancan satin na ce bari in je in yi wa Baba godiya da kaina, in kuma ɗauko hotunan da zan nuna ranar difens, tunda ba ni da hoton gurbin ƙasa ko ɗaya. Na goya auta, na tafi masa da yadin shadda, turmin atamfa na matarsa, sabulu da sukari. Ya yi murna, matarsa ta dafa mana doya da manja, muka gangara rafi. Da muka isa gurbin ƙasa na ciro waya na ce Baba ɗan jefa birgin nan in ɗauke ka. Sai ya tsaya yana kallona kamar na zage shi. Shi Baba kowa "kai" ne a bakinsa, mace ko namiji, ya ce, "Malama, a nan? Kai kana so a kore ni a gari ne?" Na ɗauka wasa yake, na ce to da a ina kake jefawa. Ya ce ai shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jefa raga a wannan gurbin shi kaɗai ba.

Ashe gurbin ƙasa na gari ne. Tun kakanninsu ba a sa masa raga sai rana ɗaya a shekara, bayan an gama girbi sarkin ruwa ya ba da izini, gari duka a shiga tare. Sauran shekara duk mai son kifin miya sai dai ya kafa gura a gefe. Gura wani keji ne na raga mai 'yar ƙofa, a dunƙula dusa a sa a ciki, a nutsa shi a ruwa a bar shi ya kwana, kifi ya shiga da kansa ya kasa fita. Abin da ya sa ranar farko ya ce min sai gobe ke nan. Wato duk kifin rawayar jarka da na shafe wata biyar ina gadi na gura ne, duk na shuɗiya kuma na birgi. Har lokacin ban gama fahimtar girman abin ba, sai da Baba ya ƙara da kansa yana dariya. Ya ce, "Ai kifi na gura daban ne, Malama. Wanda yana shiga gura mai kwaɗayi ne, ba shi da tsoro, ya ga abu bai san shi ba ya sa kai. Masu wayo suna can ƙarƙashin saiwa, ko shekara goma ba za su shiga ba. Birgi ne yana kwashe kowa da kowa, mai wayo da wawa." Sai ya dube ni ya ce, "Na ɗauka ka sani, ba kai ne mai karatun kifi ba?"

Jama'a, sai na nemi wata saiwa na zauna da yaro a baya. Ga waɗanda ba su gane ba, kamar a ce ne ka je wata makaranta ka kwashi aji guda gaba ɗaya, ka je wata ka tsaya a ƙofa da alewa ka ɗauki waɗanda suka rugo da gudu kawai, sannan ka rubuta littafi cewa yaran makaranta ta biyu sun fi rawar kai, kuma ruwan da suke sha ne ya jawo. Ni ban gwada kifin gurbin ƙasa ba, marasa tsoron cikinsu na gwada, kuma tun a ruwa gura ta tace min su. Baba ya ga yanayina ya canja ya tambaya ko ya yi laifi ne, ya ce shi ma a ganinsa kifin gura ya fi min kyau tunda masu rai nake so, ba ya jin ciwo, ɓawonsa ba ya zuba. Na ce masa babu komai, jiri ne. Kuma tsakani da Allah bai yi laifi ba, abin da na ce ya yi shi ya yi, dokar garinsu kuma ba zai karya ta don takardata ba. Ni ce na ga abu sau ɗaya na rubuta shi kamar na gani sau ɗari.

A mota muna dawowa na tambayi maigidana ko ya taɓa ganin wani abu, ya ce ai kusan duk Asabar yana ganin wasu kejoji ɗaure a bayan keken Baba, bai san suna da wani muhimmanci ba. Nan na sauke masa duk abin da ke raina, na ce wata biyar yana gani bai taɓa buɗe baki ba. Shi ma ya hau, ya ce shi ma'aikacin ofis ne ba masunci ba, jarka aka ce ya ɗauko ya ɗauko, in akwai wanda ya kamata ya sani ai mai digirin ce. Muka yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abin da ban faɗa masa ba, kuma shi ya fi cin raina, ni ma na sha ganin ɓurɓushin dusa yana yawo a saman ruwan rawayar jarka. Na ɗauka Baba ne yake ba su abinci don kar su galabaita a hanya, har saƙon godiya na taɓa aika masa a kan hakan. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa babu dusar a shuɗiya ba.

Da na dawo na zauna na bincika, ko zan samu abin da zai ce min ba komai. Sai na tarar abu ne da masana suka daɗe suna gargaɗi a kai, cewa kayan kamun da ke jiran kifi ya zo da kansa sun fi kama marasa tsoro, kuma duk mai nazarin halin kifi sai ya lura da yadda aka kama su. Abin kunyar, wasu daga cikin takardun da ke faɗin haka suna cikin kwamfutata tun shekarar farko, har da waɗanda na jera sunansu a ƙarshen kundina, shafin farko kawai na karanta na wuce. Dattijon da bai taɓa shiga aji ba ya san abin nan tun yana yaro, ni da na yi shekara huɗu ina jigila ban sani ba.

Ranar Litinin ɗin nan da ta wuce na je ofishin Dakta na faɗa masa komai. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya cire tabarau, ya murza ido. Tambayar farko da ya yi min ita ce wa da wa na faɗa wa. Na ce maigidana kawai. Na ce masa ni ina ganin in gyara babi na uku in rubuta gaskiyar yadda aka kama kifin. Ya ce in na rubuta haka na rubuta da hannuna cewa aikin ba shi da sakamako, don malamin da za a kawo daga waje tambaya ɗaya zai yi min, ta yaya na san magani ne ba gura ba, kuma ba ni da amsa, tunda babu kifin birgi ko ɗaya daga ƙasa, babu na gura ko ɗaya daga sama. Na ce to a juya kan aikin ya koma a kan bambancin kifin gura da na birgi. Ya ce matsalar ɗaya ce aka juya mata baya, za a ce ta yaya na san gura ce ba magani ba, kuma canja kan aiki sai kwamiti ya zauna, kwamitin da ba zai zauna ba kafin zango ya ƙare. Gyara na gaskiya guda ɗaya ne, a kafa gura a gurbi biyun a sake komai daga farko, shi kuma sai damina ta sauka an yi feshi, sannan wasu wata biyar ɗin a bayan labule. Ya ce ƙarin lokaci na uku kuwa kar ma in sa rai, na biyun ma sai da ya taka da ƙafarsa ya roƙa.

Da zan fita ya ce, "Malama, ni yau ban ji komai ba. Ki je ki huta, ki kawo min kundin ranar Litinin." Ya ƙara da cewa wa ya sani ma, wataƙila sakamakon gaskiya ne, wataƙila da an kama su duka da birgi abin da za a samu ke nan. Wannan maganar ita ce ta fi damuna, don da gaske ne, mai yiwuwa maganin yana yin abin da muka ce. Amma mai yiwuwa kuma ba ya yi. In yau aka tsayar da ni aka ce in rantse ko maganin ciyawa yana canja halin kifi, bayan shekara huɗu amsata ita ce ban sani ba. Kuma don Allah kar a zagi Dakta a kwament, ba mugun mutum ba ne. Shi ya karɓe ni lokacin da kowa ke gudun ɗalibar da aka bari a hanya, shi yake aro min tankuna a wurin abokan aikinsa, ranar da na haihu har gida matarsa ta zo. Shi ma a gajiye yake, ɗalibai sun yi masa yawa, ga sunansa ya riga ya fita a taro a kan aikin nan.

Maigidana da muka shirya ra'ayinsa a fili yake. Ya ce in sa hannu in wuce wurin, waye a cikin masu difens zai tashi ya tafi bayan Adogi ya tambayi wani tsoho da me ya kama kifi. Ya ce ba sata na yi ba, ba ƙirƙirar lambobi na yi ba, duk mintin da na rubuta na zauna na ƙirga shi, kuskure ne kuma lokacin da na rubuta ban san kuskure ba ne. Na ce amma yanzu na sani. Ya ce to shi dai ya gaji, shekara huɗu yara suna cin taliyar hannunsa, Asabar ɗinsa ta wata biyar ta tafi a hanyar Adogi, ba zai hana ni abin da na ga dama ba amma kar in sa ran zai sake ɗaukar jarka. Ban ga laifinsa ba, ya yi abin da maza da yawa ba za su yi ba. Hajiyarmu kuwa ban ma iya faɗa mata ba, ta riga ta sanar da dangi har na Keffi da na Maiduguri, tana ta shirin walima, jiya ma ta kira tana tambaya wane launi za a fitar na anko.

Ni kaina na gaji, gajiyar da ban san yadda zan kwatanta muku ba. In na tuna kujerar ƙarfen nan da labulen nan sai in ji bayana ya amsa. Ko da an ba ni lokacin ban san ko ina da ƙarfin sakewa ba, balle ba za a ba ni ba. Wani lokaci in ce wa kaina kundi nawa ne ke jibge a ɗakin karatu ƙura ta rufe su babu mai buɗewa, nawa ma ɗaya ne daga ciki, wa zai cutu. Shekaranjiya kuma ina aji muna aikin gwaji da 'yan aji biyar, na ji bakina yana faɗin abin da na saba faɗa musu kullum, ku rubuta abin da kuka gani ba abin da littafi ya ce za ku gani ba. Ban iya ƙarasa darasin ba, na ba su aiki na fita na tsaya a baranda.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shi ne abin da ya faru jiya. Na leƙa lab in kwashe sauran kayana, wata sabuwar ɗaliba ta tare ni, ba ta fi wata biyu da shigowa ba, ita ma matar aure ce da goyo, daga Doma take zuwa kullum. Ta gaishe ni har da rusunawa, ta ce, "Anti, ke ce mai aikin karfasa? Dakta ya ce a kan naki zan ɗora nawa." Ashe tun kafin wannan magana ta taso ya ba ta kan aiki, za ta bincika wane sinadari ne a cikin maganin yake cire wa kifi tsoro. Ba za ta ma je rafi ba, a lab za ta riƙa zuba wa kifin gona magani tana neman abin da ni na ce na gani. Ta ce in taimaka mata da babi na uku da na huɗu ta fara karantawa, ta ce ita tsoronta kar ta daɗe, don da kyar mijinta ya yarda da shekara biyu. Na tsaya ina kallon yarinyar da ke bayanta tana barci. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda ba a san ni ba, abin da ya fara zuwa raina ba tausayinta ba ne, tsoro ne kar ta yi ta gwaji ta kasa samun komai a dawo a binciki nawa. Sai daga baya tausayin ya zo, da kunyar kaina. Na karɓi lambarta na ce zan turo mata.

To 'yan uwa ga inda nake. In na sa hannu ranar Litinin zan fita da digirina, gidana ya zauna lafiya, Hajiya ta yi walimarta, amma na san akwai layi a kundin nan da ba gaskiya ba ne, kuma duk ginin a kansa yake tsaye, ga wata baiwar Allah za ta kwashi shekarunta ta ɗora a kai. In na gyara layin kuma, kusan tabbas shekara huɗu sun tafi, na kunyata mutumin da ya tsaya min, in dawo gida hannu rabbana. Malaman jami'a da ke cikin gidan nan, don Allah akwai wata hanya da ni da Dakta ba mu gani ba? Ana barin ɗalibi ya kare aikin da ƙarshensa shi ne ban sani ba, ga kuma dalilin da ya sa ban sani ba? Sauran jama'a kuma, in ku ne a matsayina me za ku yi? Addu'a ina yi, ku ma ku taya ni, amma ku haɗa min da magana ƙarara ko da mai zafi ce, zan karanta duka.

Yau da safe ɗalibar nan ta turo min saƙo, ta ce, "Anti ina kwana, ina jiran babin, Allah ya saka da alheri." Na buɗe, ta ga na buɗe, har yanzu ban amsa ba. Ku faɗa min me zan rubuta mata.